Guguwa da Sunan Maigida

To, ku matso kusa. Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu sha daɗi.

Wata mata ce wai ita Tabawa, mijinta maharbi ne, sunansa Zubairu. Amma wa ke faɗin sunan? Mutanen gari Sarkin Baka suke ce masa. Tabawa ta ce Maigida. Uwarsa Inna kuwa, da yake ɗan farinta ne, shekara arba'in ba ta ce masa komai ba sai “wannan yaron”.

Maharbin yana da kare mai suna Guguwa. Ya koya masa in an ce “Zauna”, ya zauna, ba ci ba sha ba motsi, sai ya ji kalmar sallama daga bakin ɗan gida. Sai zaɓen kalmar ya zama aiki. Ya gwada “To”, sai ya ga a gidan nan ana cewa to sau ɗari kafin azahar. Ya gwada “Tashi”, ashe da ita Inna ke korar awaki. Sai ya yi murmushi, ya zaɓi sunan kansa, tunda ya san babu mai furta shi ko da kuskure. Tabawa tana ji daga madafi, ta ce a ranta wannan wayon zai yi yawa.

Ran nan ya shanya nama a tsakar gida, ya ce wa Guguwa ya zauna ya tsare shi daga shirwa. Sai ga aike, an yi wa ƙanensa haihuwa a wani gari. Ya saɓa jaka ya fita da sauri, ya manta bai sallami kare ba.

Nama ya bushe, aka kwashe. Guguwa yana zaune.

Sai Tabawa ta kawo masa ruwa da tuwo da ƙashi mai ɓargo. Ya haɗiye miyau, ya kau da kai.

Kashegari ta kira maƙwabcinsu Malam Ilu, ta yi masa bayani a kaikaice. Ya gyara murya, ya kira sunan har sau uku. Guguwa ya dube shi sama da ƙasa, bai motsa ba. Ai ba muryar gida ba ce.

Rana ta uku, rana ta take, harshen kare ya zazzago, ƙafafunsa na rawa. Tabawa ta ga in aka kai la'asar a haka, gawa za a ɗauka. Sai ta je ta durƙusa gaban surukarta.

“Inna, ko za ki taimaka? Ke kika haife shi.”

“Shi ya sa ba zan iya ba, 'yar nan. Ke ai aurensa kawai kika yi.”

Suka yi ta tura wa juna. Inna ta ce haƙorinta na ciwo. Tabawa ta ce jiya ta ga an tauna goro da shi. Sai Inna ta tuna wai tana da kaɗi, ta shige ɗaki ta saki asabari.

Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta raɗa sunan. Guguwa ya ɗaga kunne ɗaya. Ta ƙara, kaɗan da ƙarfi. Ya ɗaga na biyun. Sai ta rufe ido, ta cika ƙirji, ta ce, “Zubairu!”

Daga zaure aka ce, “Na'am.”

Ashe Maigida ne ya dawo, yana cire takalmi. Guguwa ya yi tsalle ya faɗa kan kaskon ruwa. Tabawa ta nemi ƙasa ta tsage. Daga bayan asabari kuwa, wai mai ciwon haƙori, dariya take har da tari.

Da maharbin ya ga haƙarƙarin karensa, sai ya zauna bakin turmi, ya ce wa Tabawa ta zaɓi sabuwar kalma da kanta. Ba ta buɗe fuska ba, ta ce, “Jimina.” Ba a kiwonta a garin, ba a hirarta, kuma babu wanda ya haife ta ko ya aure ta a gidan.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In za ku ce wa wani ya tsaya, ku tanadi kalmar da za ta sake shi, wadda bakin kowa a gidan zai iya ɗauka.