Ranar da Garkuwa Ya Fasa Madatsar Ruwa

Akwai wani mai gyaran waya da abokansa suke kira Garkuwa. A wajen buga gem na bidiyo ya samo sunan, don ba a taɓa cin su da yaƙi yana gaba ba. Sun yarda da shi har suka ba shi shugabanci. Aibinsa guda ne: da zarar ya hango mafita, sauraron wani ɓata lokaci ne a wurinsa.

Duk ranar hutu sukan taru a ɗakin bayan shagonsa, a tsakanin kwalayen matattun wayoyi da igiyoyin caja: shi, da yayarsa mai aikin jinya, da Tela maƙwabcinsa, da wani direba mai bakin surutu. Gem ɗin na gina gari ne da kare shi, kuma sun daɗe suna gina nasu a bakin kogi. A ciki akwai wani ɗan gida mai shuɗiyar ƙofa da ƙanin Tela ya gina kafin ya rasu, kuma Tela ba ya fara wasa sai ya leƙa shi. Dokarsu ita ce in babbar shawara ta taso, kowa ya ajiye hannun gem, wato abin dannawa, a kan tebur har sai an ji ta bakin kowa.

Rannan ana tsakiyar wasa aka kira Tela, wata mata ta zo karɓar ɗinkinta. Fitarsa ke da wuya sai ga babban dodon da suka daɗe suna jira ya ɓullo daga bayan dutse. Ɗaki ya kaure. Direba ya haye kan benci yana ba da umarnin da ba mai bi, Yaya tana ta warkar da sojoji, Garkuwa kuwa yatsunsa har ba a ganinsu don sauri. Dodo ya rushe hasumiya, ya tsallake gada, ya doshi ƙofar gari.

Sai gem ya tsaya cak, ya kawo zaɓi biyu: ko su tare shi da ɗan ƙarfin da ya rage, ko shugaba ya fasa madatsar ruwa, ruwa ya tafi da dodon, ya tafi da garin duka. Abin da aka zaɓa kuma ba ya komawa baya.

Yaya ta ajiye hannun gem ɗinta. “Ajiye naka, a jira Tela.”

“Yaya, me za a jira? Ƙofar nan ba za ta riƙe ba, ni na san gem ɗin nan.”

“Ba wanda ya ce ba ka sani ba. Garin ne ba naka kai kaɗai ba.”

Direba ya ce, “Shugaba, ɗan taka birki mana, yanzu zai dawo.”

Garkuwa ya danna.

Gaskiya abin ya yi kyawun kallo. Madatsa ta tsage, ruwa ya taso ya naɗe dodon, kiɗan nasara ya cika ɗaki, aka ɗora wa jarumin Garkuwa na cikin gem hular zinariya. Ya yi tsalle har ya ture kwalin caja. Sai da ya juyo ya ga shi kaɗai yake murna.

Tela ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuyansa, ya dubi talabijin. Ruwa ne ko'ina.

“Ina gidan?”

Garkuwa ya hau bayani da sauri: sojoji sun ƙare, ƙofa ta tsage, babu wata hanya. Kuma duk abin da ya faɗa haka yake. Tela ya saurare shi har ƙarshe.

“Na ji, gaskiyarka ce,” in ji shi. “Da ka tambaye ni, da bakina zan ce a fasa. Ni dai so nake in shiga gidan sau ɗaya kafin ruwan ya zo.”

Ya juya ya koma shagonsa. Kunya ta rufe Garkuwa. Ranar hutu ta zagayo, ya share ɗaki, ya kunna gem, ya buɗe sabon gari. Ba wanda ya zo. Ta jikin bango yana jin ƙarar keken ɗinkin Tela har yamma.

Darasin shi ne, yardar da mutane suka yi da kai ba izini ba ce ta yanke musu hukunci a bayan idonsu. Ko da ra'ayinka ne daidai, abin da aka gina tare ba a rushe shi sai an ji ta bakin masu shi, don ba ka san abin da wani ya ajiye a ciki ba. Ka tsaya, ka tambaya, sannan ka danna.