Rabin Aski Kyauta

Duniya ba ta taɓa mantawa da garin Kukar Bale ba. Duk shekara sai ta aiko masa da sabon allo.

A kan allunan nan na ayyukan raya karkara wani tsohon ƙadangare yake shan hantsi, har ya zamana ba wanda ya kai shi sanin harkar. Shi ya sa Dagaci Tanimu ya neme shi ranar da wani kamfanin ruwa ya zo tare da wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje. Za su haƙa rijiyar burtsatse kyauta, kamfani ya riƙa kula da ita. Sharaɗi ɗaya ne: a cike tsohuwar rijiyar gari, wai saboda lafiya.

Dagaci ya ce, "Malam Ƙadangare, in sa hannu?"

Ƙadangare ya ce, "Ranka ya daɗe, ji labarin Unguwar Lalle tukuna. Can ma kamfani da ƙungiya suka kai injin niƙa, suka ce mata su kawo turamensu a jera a bakin hanya, alamar an rabu da wahala. Kowacce ta kai, ban da Gwaggo Kande. Mai unguwa ya ce, 'Haba Gwaggo, kya ba mu kunya gaban baƙi?' Ta ce, 'Zauna, ɗan nan, ka ji labarin wanzamin kasuwarmu.

"'Wanzamin nan ya yi shela ran kasuwa cewa aski kyauta ne. Wani mai suna Ilu ya zauna, aka jiƙa masa kai, aka aske ɓarin dama tas. Sai wanzami ya goge askarsa ya ce, "To, ɓangaren taimako ya ƙare. Saura na kasuwanci." Ilu ya dubi jama'a, jama'a suka dubi kan Ilu. Ko tayi bai yi ba, ya biya. Wani Jatau ma aka yi masa haka, shi kuwa ya zaro hula daga aljihu ya kifa, ya miƙe. Wanzami ya bi shi yana "Dawo mana, Alhaji, ai mu 'yan'uwa ne!" Askin mutumin fa da kyau, ba a raina shi. Amma mai hula kaɗai aka kira ɗan'uwa.'

"Gwaggo ta riƙe turminta. Da damina ta kama, kamfani ya sake duba farashin niƙa, ya duba shi sosai. Turamen bakin hanya kuwa gara ta riga ta karɓi nata tallafin a jikinsu. Har matar mai unguwa sai da ta bi layi a gidan Gwaggo."

Dagaci ya shafa kansa. "Wato in kore su?"

"A'a, ranka ya daɗe. Sun iya haƙa, mu kuma ƙishi muke ji. Ka zauna a yi maka askin. Kada dai ka ba da hular."

Dagaci ya koma wurin baƙi ya ce a haƙa sabuwa, tsohuwa kuma a yi mata murfi, tana nan. Wakilin kamfani ya ce wannan ba ya cikin tsarinsu. Dagaci ya yi masa godiya ya miƙe. Kafin ya sa takalmi tsarin ya faɗaɗa, har wakilin ya kira shi abokin tafiya.

Ranar buɗewa ƙadangare ya hau sabon allo yana gyaɗa kai, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Baƙi suka ɗauke shi hoto, shaidar cewa al'umma ta gamsu.

Allon ya fi tankin rijiyar girma.