Hular da Ba a Rataye Ba

Ku gyara zama, kai kuma mai danna waya ajiye ta. Labarin nan in na kai ƙarshensa sai kun yanke hukunci, kuma ba zan karɓi "duk ɗaya ne" ba. Ni kam duk sanda na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Akwai wani tafki da ake kira tafkin Dankande. Kowace safiya, da an idar da sallar asuba gari ya fara washewa, maza kusan talatin kan taru su yi iyo daga gaɓa zuwa wani dutse da ke tsakiyar ruwa, su taɓa shi su dawo. Masunta ne, da malaman makaranta, da direbobi, har da tsofaffin da likita ya ce su riƙa motsa jiki. Kowa sai ya ɗaura gora a ƙugunsa da igiya, in ya gaji ya rungume ta ya huta. Kowa kuma sai ya rataye hularsa a ƙusa, jikin wata tsamiya da ke bakin ruwa. In an fito kowa ya ɗauki tasa. Hular da ta saura, mai ita yana cikin ruwa, kuma in aka tsamo shi da rai, da hannunsa zai miƙa ta ga wanda ya cece shi. Shekara ashirin da bakwai suna haka, ruwan nan bai ci musu mutum ko ɗaya ba.

'Ya'yan marigayi Sarkin Ruwa su uku ke riƙe da abin. Hansatu ce babba, tana sayar da koko a gindin tsamiyar. Barau ke bi mata, shi ne jagoran iyo. Sai autansu Ilu, ma'aikaci a asibitin garin, wanda kan yi wa kowane baƙo tambayoyi kafin ya taɓa ruwa.

Sai ga Alhaji Kailani, wani babban ma'aikaci daga birni, ya zo hutun mako biyu ya sauka a masaukin baƙi. Mutum ne mai zafin rai, wanda ya saba in ya yi tari a ofis mutane su miƙe. Kwana uku yana hango masu iyo ta taga yana tsaki. Shi da ya koyi ninƙaya a wurin wankan babban otal, waɗannan za su nuna wa ruwa? Ran na huɗu ya tuƙo motarsa har bakin tafki, da wata hula zanna a kansa, aikin hannu, wadda aka yi wata uku ana ɗinkinta.

Cikin minti goma ya ɓata wa ukun nan rai, wallahi kamar aiko shi aka yi.

Ilu ya gaishe shi ya ce, "Ranka ya daɗe, kana da hawan jini? Ka taɓa shiga ruwan tafki da sanyin safiya?"

"Kai likita ne," in ji Kailani, "ko mai wanke miki? Matsa ka ba ni wuri."

Hansatu kuwa, sai ya sa ta wanke kofi sau uku a gabansa, ya ɗaga ya duba, ya ce ta ƙara. Sannan ya ce ta zuba masa koko ta rufe, kada ƙuda ya sauka, yanzu zai fito ya sha. Barau kuwa da ya miƙa masa gora, sai ya ture da bayan hannu, ya ce shi ba jariri ba ne. Barau ya haɗiye wannan, amma ya ce, "Alhaji, hula dai dole. Wanda bai rataye ba ba ya shiga." Kailani ya dubi ƙusar nan mai tsatsa, ya dubi hulunan masunta masu ƙarnin kifi, zuciya ta ciwo shi. Ya nufi tsamiya kamar zai rataye, ya zagaya ta bayanta, ya jefa hular cikin mota ya kulle. Kun ji wauta?

Aka faɗa ruwa. Da farko abin ya yi masa daɗi, ya wuce tsofaffi, ya wuce direbobi, yana jin haushin masu gora da ke tare masa hanya. Don ya rabu da su sai ya karkata dama. Bai san ruwan wajen yana ja ba, yana kai mutum can inda tafki ya cinye wani tsohon kurmi, sai kututture tsaye a ruwa. Tururin safiya ya rufe shi. Sanyi ya shiga ƙafarsa ta hagu, jijiya ta ɗaure tamau, ƙafar ta ƙi miƙuwa. Da ƙyar ya kama wani kututture mai santsi. Ya yi ihu, iska ta kwashe muryar ta yi gabas da ita. Ko a nan, ku ji fa, zagin mutanen yake a ransa, wai sun tafi sun bar shi. Sai da tururin ya ɗan yaye ya hango su ƙanana can a gaɓa suna fita ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tuna inda hularsa take, tsoro ya kama shi.

A gaɓa kowa ya ɗauki hularsa. Barau ya dubi tsamiya, ƙusoshi duk wayam, ya ce alhamdulillahi, a watse.

Hansatu ce ta ƙi. Tana tattara kwanuka sai ta ga kofin nan da ta wanke sau huɗu, a rufe, kokon ya huce. Ta dubi mota, tana nan. Ta leƙa ta gilashi, ga hula a kan kujera. Mutane suka ce ai ya fita ta wata gaɓar ya taka zuwa masauki, manyan nan ba sa sallama. Ta sha gaban Barau ta riƙe masa riga. "Mutumin da ya wahalar da ni a kan kofi ba zai tafi bai sha ba. Yana ruwa! Ka koma!" Barau ya ce, "Yaya, ƙusa ba ta ƙarya." Ta ɗauki murfin tukunya da ludayi ta yi ta bugawa tana kururuwa, har waɗanda suka hau babura suka juyo. Ba don ita ba, da an watse, da sai bayan kwana biyu ruwa ya kawo shi.

Barau ya koma, ransa a ɓace, jikinsa a gajiye, don yanzu ya fito daga iyon zuwa dutse da dawowa. Jiragen masunta duk sun fita kamun safe. Sauran suka nufi dutse suna nema, shi kaɗai ya yi dama, domin ya san inda ruwan ubansa ke kai abin da ya ɗauka. Yana hango kututturen, sai hannun Kailani ya saki. Ya kwance gorarsa ya nutsa, bai same shi ba. Ya sake, bai same shi ba. A na uku ya cafko shi cikin rassan da ke ƙasa, wani reshe ya tsage wa Barau cinya. Ya ɗora ƙirjin mutumin a kan gora, ya jawo shi har gaɓa yana zubar da jini. Ba don shi ba, da ihun Hansatu ya tashi a banza.

Aka shimfiɗe Kailani a ƙasa, ba numfashi, leɓɓa sun yi fari. Wani dattijo ya yi salati ya cire mayafinsa zai rufe shi. Ilu ya fizge mayafin ya yar. Ya durƙusa ya buɗe masa baki, ya hura masa iska, ya shiga danna ƙirji yana ƙirgawa. Mutane suka ce ya bar gawa ta huta, wannan ai wulaƙanci ne. Wani har ya kama kafaɗarsa. Ilu ya daka masa tsawa, ya ci gaba, gumi na ɗiga. Can sai Kailani ya yi tari, ya amayo ruwa, ya ja numfashi. Ba don shi ba, da gawa Barau ya ɗauko.

Bayan kwana uku Kailani ya dawo gindin tsamiya, yana takawa a hankali, hular a hannunsa. Dattawa sun gaya masa al'ada: hula ɗaya ce, mutum ɗaya ake ba. Ya zaci zai tarar ana murna. Ina! Ya tarar 'yan uwan nan uku ba mai yi wa wani magana.

Hansatu ta ce Barau ƙusa ya ƙirga bai ƙirga mutane ba, kuma sai da ta yi masa terere a gaban jama'a ya motsa. Aka ce mace ba ta sa hula. Ta ce a ba ta, ta rufe tukunyar koko da ita. Barau ya nuna ɗaurin da ke cinyarsa, ya ce su biyun a tudu suka yi nasu, shi kaɗai ya sa ransa, kuma a kan mutumin da ya yaudare shi. Ilu ya ce duk sun gama nasu an ɗauko mayafi, kuma bakin da ya kira shi mai wanke miki, a cikinsa ya sa nasa bakin.

Kailani ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Hansatu ta katse shi. "Riƙe haƙurinka, Alhaji. Da ka rataye ta a ƙusa kamar kowa, da yau ina gaisawa da ƙannena."

Ya tsaya nan, mutumin da ya saba ba da umarni, yana jujjuya hula a hannu, ya rasa wanda zai duba. Ga ƙusar nan a gabansa, wayam.

To, ni na kawo ku inda ya tsaya. Wadda ta lura da kofi, da wanda ya nutsa sau uku, da wanda ya ƙi yarda a rufe shi: wa Alhaji Kailani zai miƙa wa hular nan?