Ranar da Sarkin Jirgi Ya Nemi Maneji

Ku gyara zama, ku tattara hankalinku wuri guda, domin wannan magana ba ta masu gyangyaɗi ba ce. A ƙarshenta akwai hukunci, kuma a wuyanku zai rataya.

A wani gari na bakin Kwara da ake kira Tungar Bauna, an yi wani Sarkin Jirgi mai suna Makau, dattijo mai kwarjini, wanda ya shugabanci masu fito tun gashin kansa yana baƙi har ya koma fari fat. Fito, ga wanda bai tashi a bakin ruwa ba, shi ne ƙetarar da mutane da kayansu daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma sana'a ce wadda kuskuren farko a cikinta ba kasafai yake barin mai shi ya yi na biyu ba. Abin da ya ɗaukaka Makau bisa takwarorinsa na sauran tashoshi ba yawan jirage ba ne, ba kuwa girman inji ba. Ƙa'ida ce. A tasharsa jirgi ba ya tashi sai kafinta ya bi katakonsa da guduma ya saurari amonsa. Kowane jirgi yana da jan layi na fenti a jikinsa, in lodi ya nutsar da layin nan, to, sai an rage. Hanyar ƙetarawa kuma guda ce, wadda aka kakkafa wa gora aka ɗaura tsummoki, kuma babu direban da ke da ikon kauce mata.

Bayan waɗannan, akwai kalma guda da Makau ya haramta a tashar, ita ce "maneji", wato a lallaɓa da abin da bai cika ba, a bar wa sa'a sauran. Yakan ce kogi bai yi makaranta ba, bai ji Turanci ba, saboda haka bai san maneji ba. Duk wanda kalmar ta suɓuce masa, ko da gemunsa ya kai ƙirji, sai ya ɗauki tsintsiya ya share tashar a gaban 'yan kasuwa. Mutane sun yi gunaguni, sun kira shi mai tsanani, amma da za su aika matansu da 'ya'yansu ƙetare, tasharsa suke kawo su.

Allah ya ba shi 'ya'ya maza uku, kowanne ya riƙe ƙa'ida guda. Arzika, babbansu, shi ne kafinta mai guduma. Nomau, na tsakiya, shi ke tsaye kan lodi. Bagudu, auta, shi ke riƙe da injin babban jirgi. Da tsufa ya kama Makau, ya sanar da jama'a cewa in damina ta ɗauke zai sauka ya miƙa sarautar ga ɗaya daga cikinsu. Wanne, bai faɗa ba, domin shi kansa bai sani ba, kuma abin yana hana shi sukuni. Ba ya son ya mutu ƙa'idarsa ta bi shi kabari.

Ana nan, wata safiya cikin ƙarshen damina, saƙo ya zo daga Dogon Yashi, garin da ke ƙetare, cewa Alhaji Jatau ya rasu, za a yi jana'iza da azahar. Jatau kuwa aminin Makau ne tun suna yara masu kamun kifi da ƙwarya, kuma akwai alkawari tsakaninsu cewa wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai sauka cikin kabari ya karɓe shi. Makau ya saɓa babbar riga ya nufi tasha, rabin gari na biye da shi. Ƙananan jirage duk sun tafi kasuwa, saura babban kaɗai.

Ya tarar da Arzika durƙushe a gefen jirgin, yana ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana amsawa da murya tsaf. Da ya iso wani na kusa da goshin jirgin, can ƙasa inda ruwa ke rufewa, sai amon ya fito a dakushe. Ya sake bugawa. Sa'an nan ya kira samari a jawo jirgin kan yashi.

Makau, wanda ba ya kiran sunan ɗan fari, ya ce, "Kai, Kafinta, mene ne?"

"Baba, wannan katako ya mutu. Fuskarsa lafiya, cikinsa ya ruɓe."

"Yana yoyo?"

"Bai fara ba tukuna."

"Abin da bai fara yoyo ba, a kansa za ka tsayar da ni? Jatau yana kwance yana jirana! Cusa tsumma, shafa kwalta, mu yi maneji, in mun dawo ka sauya."

Har mai tuyar ƙosai ta tsaya da matsami a hannu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Arzika bai ɗaga kai ba, ya ce, "Baba, tsintsiya tana bayan rumfa, ni zan share maka in na gama. Amma katakon nan sai ya fita." Makau ya rantse a gaban jama'a cewa ɗan da ya fifita itace a kan gawar aminin ubansa ba zai gaje shi ba. Arzika ya ji, ya ci gaba da cire ƙusa. Rana ta ɗaga ƙwarai kafin sabon katako ya zauna daram.

Da aka mayar da jirgin ruwa, jama'a suka afka ciki kamar fari a gona, da buhunan geron sadaka, da baburan waɗanda za su zarce ƙauyuka. Nomau ya leƙa gefen jirgin, bai ga jan layi ba. Ya sa aka sauke buhunan. Bai fito ba. Ya sa aka sauke baburan, masu su suna zaginsa. Layin ya leƙo kamar jinjirin wata, ya sake ɓuya. Daga nan ya fara sauke mutane, ya kuwa fara da gidansu, domin kada a ce ya yi son kai. Cikin waɗanda ya nuna har da Gwaggo Tumba, ƙanwar Makau, mace mai jiki da kaifin harshe.

Ta ce, "Ni? Ni da na goye ka har zanena ya yage? Duk garin nan ni ce na nutsar maka da layi, ja'iri?"

"Gwaggo, layi bai san dangi ba. Ki yi haƙuri, jirgin kasuwa na dawowa ke ce ta farko."

"Allah ya haɗa ka da mata mai auna maka tuwo da layi!"

Makau ya miƙe daga mazauninsa, ya ce da ƙarfi, "Nomau, faɗin yatsa biyu ne fa ya rage! Mutanen nan ta'aziyya za su, ba biki ba." Nomau ya rusuna, ya ce, "Baba, kai ka shafa fentin nan da hannunka, kuma ba ka rubuta masa ban da ranar ta'aziyya ba." Bai bar bakin jirgin ba sai da layin ya fito ja wur daga goshi har wutsiya. Makau ya haɗa shi da wansa cikin rantsuwa guda. Waɗanda aka sauke kuma suka tsaya kan gaɓa suna tofa wa Nomau albarkacin bakinsu, shi kaɗai a tsakiyarsu.

Bagudu ya tayar da inji suka kama hanya. Ita hanyar gora doguwa ce, tana lanƙwasa ta bi gefen tsibirai inda ruwa ba shi da zurfi. Akwai kuwa wata gajeruwa da ake kira Wuyan Tulu, wadda ke ratsa tsakiyar kogin, mai zurfin da gora ba ta taɓa samun ƙasansa ba, ruwanta yana gudu ya faɗa kan duwatsu. Mai inji lafiyayye yakan bi ta ya fita, ya rage rabin tafiya, shi ya sa ma aka hana ta. Makau ya dubi rana, ya ga ta kusa tsakiya, sama kuma garau. Ya matso kusa da autansa, ya sassauta murya, domin ya ga tsawa ba ta yi masa aiki ba.

"Auta, yayyenka sun kunyata ni. Kai kaɗai ka rage mini. Bi da mu ta Wuyan Tulu in cika alkawarina, sarauta taka ce, ga shaidu."

Bagudu ya ce, "Baba, in na karɓe ta ta Wuyan Tulu, gobe da wane baki zan hana wani bi?" Ya karkata jirgin ya bi tsummoki. Makau ya juya masa baya, ya zauna yana jan carbi da ƙarfin da ya kusa tsinka zaren.

Hadarin ƙarshen damina ba ya sallama. Sun kai daidai tsibirin da ake kira Gungun Tsuntsaye sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta sauko kan ruwa, kogin da ke kwance ya miƙe tsaye. Cikin wannan duhu wani kututture da ambaliya ta tumɓuko ya zo a ɓoye ya daki goshin jirgin da ƙarfin da ya zubar da mutane kan juna. Makau, da yake ya san jikin jirgin kamar tafin hannunsa, ya kai dubansa wurin da aka daka, ya ga sabon katako ne, fari, ya girgiza bai tsage ba. Kututturen ya bi ta ƙarƙashi ya kakkarya farfelar inji, injin ya mutu. Jirgin ya juya gefe, igiyoyin ruwa suka riƙa hawansa. Makau ya ɗora hannu kan bakin jirgin, ya ji ruwa yana lasar yatsunsa yana komawa, yana lasa yana komawa, bai samu ya shigo gaba ɗaya ba. Mata suna salati, Liman yana addu'a. Bagudu ya saki inji ya zaro doguwar gora ya caka, sai ta sami ƙasa. Ya dafe ta da ƙirjinsa, ya kira maza suka kama, suka tura jirgin taki-taki har ya hau yashin tsibirin. Ko takalmin mutum ɗaya bai salwanta ba.

Sai bayan la'asar jiragen kasuwa suka zo suka kwashe su. Da suka isa Dogon Yashi an riga an rufe Jatau, wani ne ya karɓe shi. Makau ya tsaya kan ɗanyen kabarin ya yi kuka irin na dattijo, wanda ba shi da sauti. Alkawari ya kuɓuce masa, kuma babu ranar da za a sake. Amma da ya waiwaya ya ga jama'ar garinsa a tsaye bayansa, jiƙaƙƙu, rayayyu, sai ya gane cewa sau uku ya nemi ya kai su lahira rakiyar amininsa, sau uku kuma 'ya'yan cikinsa suka hana shi. Ya koma gida ya yi kaffarar rantsuwarsa. Damuwarsa ta da, wato ko akwai mai riƙe ƙa'ida bayansa, ta gushe. Wadda ta maye gurbinta ta fi ta nauyi.

Ranar da damina ta ɗauke, masu fito da dattawan gari suka taru a tasha, Makau yana tsakiya, rawanin sarauta a kan cinyarsa. Waɗanda ke bayan Arzika suka ce, da ruɓaɓɓen katakon nan ne ya gamu da kututture, da jirgin ya buɗe kamar ƙwarya, kuma babu layi ko gora da za su yi amfani. Suka ƙara da cewa shi ya ga aibin da ido ba ya gani, kuma shi ya fara tsayawa gaban ubansa, ƙannensa hanyar da ya share suka bi. Sai aka amsa musu cewa jinkirin da ya jawo ne ya haɗa jirgin da hadari, da an tashi da wuri da an ƙetare sama tana garau.

Waɗanda ke bayan Nomau suka ce, katako ya tsaya ƙalau, amma faɗin yatsa biyun nan da ya ƙi yafewa shi ne tsakanin jama'a da ƙasan kogi. Arzika da Bagudu fushin mutum ɗaya suka ɗauka, shi kuwa na gari duka, har da na Gwaggo Tumba, wadda har ranar taron ba ta amsa gaisuwarsa. Wanda zai shugabanci tasha, in ji su, da mutane zai yi fama, ba da itace ba. Aka amsa musu cewa layi a shafe yake, mai ido ɗaya ma yana ganinsa, kuma Nomau yana kan tudu sa'ad da ruwa ya tashi.

Waɗanda ke bayan Bagudu suka ce, jirgi lafiyayye mai lodi daidai, in injinsa ya mutu a Wuyan Tulu, duwatsu ne makomarsa. Yayyensa barazana aka yi musu, shi kuwa sarautar aka ɗora masa a tafin hannu ya mayar, kuma ƙin kyauta ya fi jure tsawa wuya. Aka amsa musu cewa ransa yana cikin jirgin, wanda ya tsare ƙa'ida don ya tsira da kansa ba a haɗa shi da wanda ya tsare ta don wasu.

Makau ya saurari duka. Ya dubi 'ya'yansa uku a durƙushe gabansa, kowanne kansa a sunkuye, babu wanda ya nemi abin da bakinsa. Rawani kuwa ɗaya ne, ba a naɗa shi a kawuna uku, ba a kuma yanka shi.

To, jama'a, ku da kuka ji yadda aka yi tun daga guduma har zuwa gora: a kan wa Makau zai naɗa shi?