Jadawalin Hedimasta da Idanun Inna

Akwai wani hedimastan firamare da ya shekara goma sha tara yana riƙe da makaranta ɗaya, har mutane suka daina kiran sunansa, kowa Hedimasta yake ce masa. Mutumin kirki ne, kada ku ce na ɓata shi. Sai dai yana da hali ɗaya mai ƙona ran na kusa da shi: komai sai an bi shi daki-daki, daga ƙarami zuwa babba, yadda ɗalibi ke tashi daga aji ɗaya zuwa aji shida. Ko takalman ƙofar ɗakinsa bisa girma suke jere. In kuwa ya tsara abu a takarda, to magana ta ƙare.

Mahaifiyarsa, wadda suke kira Inna, idanunta sun fara mutuwa. Likita ya ce ciwon ya wuce aiki, abin da ya rage mata na gani bai fi 'yan watanni ba. A ɗaki ko a inuwa ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Amma in rana ta haska abu sosai, tana iya gane shi.

Ranar da suka dawo daga asibiti, Inna ta zauna a bakin gado ta ce, "Babba, abu ɗaya nake roƙonka. Ka kai ni kwarin da aka haife ni, in sake ganin babbar magangarar ruwan nan da ke can ƙarshensa. Can mahaifiyata ke kai ni wanki. Rabona da wurin tun ina shekara goma sha biyu."

Hedimasta ya ɗauki maganar da muhimmanci, wannan kam ba a raina masa ba. Ya jira hutun ƙarshen zango, ya samo mota, ya ce ƙanwarsa Auta, wadda tela ce, ta rufe shago ta zo ta riƙe Inna. Da ya bincika sai ya ji ashe magangarar ruwa huɗu ce a kwarin, uku ƙanana a gefen hanya, babbar a ƙarshe. Nan take ya ɗauko rula da jan biro ya zana jadawali, kowace da lokacin isa da lokacin tashi.

Ƙarfe bakwai da rabi na safe suka isa ƙauyen da hanyar mota ta ƙare. Daga nan sai a ƙafa. Wanda zai yi musu jagora wani dattijo ne da ake kira Mai zuma, saboda amyoyinsa da ke rataye a itatuwan kwarin. Ya dubi yadda Inna ke lalube da sanda, ya tambayi Auta a hankali, ta gaya masa abin da ya kawo su.

Sai ya ce, "Malam, in don ita aka zo, mu wuce kai tsaye. Babbar a cikin lungun dutse take. Rana ba ta leƙa ta sai wajen sha ɗaya, kafin ɗaya da rabi kuma ta faɗa bayan tsauni. Shi ya sa mu nan babbar muke fara kai baƙi, ƙananan a gan su a hanyar dawowa."

Hedimasta ya yi irin murmushin da yake wa iyayen yara in sun zo koya masa aikinsa. "Baba, wanda ya fara ganin babba, ƙarami ba zai burge shi ba. Ba a fara karatu daga aji shida. Na lissafa komai, sha biyu da rabi muna can."

"Da ƙafar wa ka lissafa, Yaya?" in ji Auta. "Da taka ko da ta Inna?"

"Ke dai riƙe ta kawai, ba shawara na ce ki kawo ba."

Inna ta ce, "Ku bar shi. Abin da ya tsara shi za a yi."

Haka take tun da mahaifinsu ya rasu. Ba ta taɓa musa wa babban ɗanta a gaban mutane ba, shi kuma ya ɗauki shirunta a matsayin yarda.

Suka kama hanya. Siririya ce, tana bin gefen rafi, gonaki a hagu, tsauni a dama, ga duwatsu masu santsi saboda raɓa. Abin da Hedimasta bai sa a takardarsa ba shi ne, babu ɗaya cikin ƙananan nan da ke kan hanya sosai. Kowace sai an ratse an gangara, sannan a sake hawowa.

Ta farko ba ta fi tsayin mutum biyu ba, ga ta a ƙarƙashin itatuwa masu duhu. Inna ba ta ga komai ba. Hedimasta kuwa ya tsaya ya gyara murya, ya shiga bayanin yadda ruwa ke cin dutse a hankali, yana nuni da biro kamar yana gaban allo. Ya jera su ya ɗauki hoto, ya ce ai Auta ta ƙifta ido a hoton, aka sake. Auta ta ce, "Yaya, sai dai ka ba mu jarrabawa in mun koma gida, yanzu dai mu tafi." Bai yi dariya ba.

Ta biyu sai an ƙetare rafin a kan duwatsu. Aka cire wa Inna takalma, Auta ta riƙe hannu ɗaya, Mai zuma ya shiga ruwa har gwiwa yana nuna mata inda za ta taka. Dutse bakwai ne, amma sun ci kusan rabin awa zuwa, rabin awa dawowa. Inna ta zauna tana haki, ana goge mata ƙafa.

Mai zuma ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, "Malam, yanzu ta fara leƙa babbar."

Hedimasta ya dubi agogo. Sun makara da minti hamsin. Kun san me ya yi? Ya zaro jan biro ya soke hutun da ya ware wa Inna na shan ruwa da cin abinci. Magangara ta uku kuwa ya bar ta daram a takarda.

Haushi ya turnuƙe Auta. "Yaya, don girman Allah ka tsallake ta ukun nan. Ba yawon makaranta muka zo ba. Tsohuwar nan abu ɗaya ta roƙe ka."

"Abu ɗayan kuma zan ba ta, amma a kan tsari. Mun yi tafiyar awa biyar a mota, sai mu koma mun ga uku cikin huɗu?"

"Ita ko ɗaya ba ta gani ba tukuna."

Ya yi kamar ba da shi take ba, ya wuce gaba.

Ni kaina da ake ba ni labarin, a nan raina ya ɓaci. Mutum ya san lissafi, ya san agogo, amma ya kasa duban fuskar uwarsa ya ga ta gaji. Da yake an hana ta hutu, tafiyar Inna ta ƙara nauyi. Taki goma sai ta tsaya, ta dogara da sanda, ta ce tana gyara ɗankwali ne.

Da suka kai mararrabar ta uku, Inna ta zauna a kan wani dutse ta ce, "Babba, ni kam ba zan iya wannan gangaren ba. Je ka gano mana."

Ya ce minti goma kawai, a jira shi. Mai zuma ya ce zai raka shi, Hedimasta ya ce ba sai an raka shi ba, ai yana jin ƙarar ruwan. Ya gangara shi kaɗai da takardarsa.

Minti goma suka wuce, ashirin suka wuce. Ashe a dawowa ya bi turbar awaki, ta kai shi cikin gonar wani. Auta ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa, tana ta tsaki. Mai zuma ya ce, "Inna, mu ci gaba a hankali, in ya fito zai iske mu. Hanya ɗaya ce."

Inna ta girgiza kai. "In tafi in bar ɗana a daji? A'a."

Auta ta durƙusa a gabanta kamar ta yi kuka. "Inna, ƙato ne fa, shekararsa hamsin da biyu. Rana ce ba za ta jira mu ba."

"Mu jira shi."

Sai bayan minti arba'in da biyar ya ɓullo, wandonsa duk ƙaya, yana ƙorafin cewa ya kamata a kafa alamu a hanyar. Mai zuma ya nuna masa gaba da hannu kawai. Inuwar tsaunin ta riga ta sauko, ta rufe rabin kwarin.

A lokacin ne Hedimasta ya farga. Ya cusa takardar a aljihu, ya durƙusa ya ce, "Inna, hau." Ya goya ta, ya kama hawa da sauri, yana tuntuɓe, gumi na zuba, numfashinsa na fita da ƙyar. Auta na biye da sanda da takalma.

Biyu da kwata suka isa. Ruwan na zubowa daga can ƙololuwa da ƙara mai cika kunne, feshinsa na jiƙa fuska. Amma lungun ya yi duhu kamar ɗaki mara taga. Hasken da ya rage ɗan kaɗan ne, a jikin wani farin dutse busasshe da ke can gefen dama.

Hedimasta ya sauke Inna. Ta tsaya tana juya kai, tana ƙifta idanu. Can sai ta tsayar da fuskarta a kan farin dutsen nan, ruwan kuwa yana hagunta. Ta yi murmushi.

"Ga shi nan," ta ce. "Fari tas, yadda na bar shi. Allah ya yi maka albarka, Babba."

Auta ta toshe baki da mayafi ta juya baya. Hedimasta ya ɗaga hannu zai juyo da kafaɗar Inna wajen ruwan, sai ya tuna ko ya juyo ta babu abin da za ta gani. Ya sauke hannun.

Ya ce, "Inna, mu kwana a ƙauye. Gobe da sassafe mu dawo, kai tsaye."

"Mu dawo mu yi me? Ai na gani."

Ko da ma ta yarda, ba za ta iya ba. Washegari ƙafafunta suka kumbura, ta yi mako uku ba ta taka ƙasa ba. Kafin ta warware an koma makaranta, kafin wani hutu kuma idanun sun rufe gaba ɗaya.

Har yau duk wanda ya je gaishe ta sai ta ba shi labari cewa babban ɗanta ya goya ta a bayansa ya kai ta ta ga ruwan garinsu da idonta. Hedimasta yana zaune a gefe ake wannan hira, ana sa masa albarka. Bai taɓa iya gyara mata labarin ba, kuma bai taɓa iya cewa amin ba.

Darasi: In za ka yi wa mutum alheri, fara da abin da ya roƙe ka, sauran su biyo baya in lokaci ya bari. Ka saurari wanda ya san wuri ko da ka fi shi karatu, kuma kada ka ɗauki shirun iyaye a matsayin yarda, sau da yawa kunyarka suke ji. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu tsofaffi a gida da ke jiran a cika musu wani ɗan buri.