Farin Ƙyallen Lan

Akwai wani mutum mai suna Abdulwahid, ɗan Damagaram, shi ne shugaban ma'aikatan wani babban gida a Abhur, wata unguwa a Jidda. Duk mai son ganin kafili, wato maigidan da ya ɗauke su aiki, sai ta hannunsa.

Cikin ma'aikatan akwai mai girki 'yar ƙasar Vietnam, sunanta Lan. Wata safiya aka bugo mata waya cewa mahaifinta ya rasu. Ta zo tana kuka, ta roƙi Abdulwahid ya nema mata izinin tafiya gida. Ya ce lokacin baƙi ne, babu mai motsawa.

Da guntun Larabcinta ta gaya masa cewa mahaifinta malamin tarihi ne. Shi ya koya mata cewa sarakunan gidan Le na ƙasarsu sun yi mulki da koyarwar wani malamin hikima na dā, Confucius. Sai mutum ya ci jarrabawa ake ba shi muƙami, amma ranar da ya rasa uwa ko uba, dole ya ajiye muƙamin ya koma gida zaman makoki na shekara uku.

"Ko gwamna ne, sarki sakin sa yake yi," in ji ta. "Ni mako ɗaya nake roƙo."

"Nan Jidda ce. Halas, magana ta ƙare, koma kicin."

Ta ɗaura farin ƙyalle a goshi, alamar makoki a garinsu. Ya sa ta cire, wai kada baƙi su gani.

Kafin baƙin su watse, mahaifiyar Abdulwahid ta kwanta ciwo a Damagaram tana kiran sunansa. Ya je wurin kafili neman izinin tafiya. Kafili ya ce ai shi Abdulwahid da bakinsa ya kafa dokar cewa babu mai motsawa, sai ya jira. Yana cikin jiran ta rasu, aka yi mata sutura.

Ya zauna a bayan gareji, ya kasa cin komai. Lan ta kawo masa romo mai zafi, ta ajiye, ta ɗan sunkuyar da kai, ta wuce.

Washegari ya durƙusa gaban kafili, bai tashi ba sai da aka ba Lan izinin tafiya. Shi ya kai ta filin jirgi. Ya so ya nemi gafararta a hanya, amma har ta shige bai nema ba.

Darasi: Idan Allah ya ɗora ka a kan mutane, kada ka tsaya tsakaninsu da iyayensu. Aiki yana jira, jana'iza ba ta jira. Ku tura wa duk wanda ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa.