Gwadon Kaka Sodangi

Akwai wani yaro a Bauranya mai suna Mamuda, wanda ya tashi a gindin masaƙar kakarsa Sodangi. Duk ƙasar Kusada ba mai saƙa gwado kamarta, don ba ta maimaita ado. Sai ta dubi bayan zabo ko sawun shanu a laka, ta fitar da shi da zare. Mamuda na riƙe mata abawa, ita tana tsokanarsa.

"Angona, buɗe ido. Ran da ba ni, wa za ya nuna maka?"

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, ya samu aiki a wata masaƙa a Kaduna, yana zana adon atamfa. Adon kakarsa yake ɗebowa daga ka, ɗaya bayan ɗaya, ana tafa masa. In an tambaye shi inda ya koya, sai ya ce baiwa ce. Baiwa fa!

Atamfar ta cika kasuwar Kankia da araha. Mata suka daina sayen gwadon tsohuwa, ga adonta a ƙugun kowa. Ita dai ta ci gaba da saƙarta.

Da aurensa ya zo, ta yi damina guda tana saƙa masa gwado, da idon da ya fara dushewa. Ado ne da ba ta taɓa fitarwa ba. Ta miƙa masa a gaban abokansa 'yan birni.

"Ga na amaryarka, angona. Kishiya dai ba ta hi ni hannu ba."

Aka yi dariya, shi kuwa ya ɗaure fuska.

"Haba Kaka, wa ke yafa wannan yanzu? Kauri sai ka ce buhu."

Ko warwarewa bai yi ba. Ta naɗe abinta ta koma ɗaki. Wallahi wannan wuri ya fi ci mini rai.

Ba a daɗe ba rijiya ta ƙafe. Adon da ke kansa ya ƙare, manyansa suka ce ya kawo sabo ko a ba wani kujerar. Sai a lokacin ya tuna hanyar Bauranya.

Gwaggonsa Rabi ce ta tare shi a zaure.

"Sai yau? Mun aika, ka ce aiki. Inna ta kwana arba'in a ƙasa."

Sai ya ce, "Gwadon nan fa, Gwaggo?"

"Au, shi ka zo ma? Ta ce tunda buhu ne, a yi aikin buhu da shi."

Ta nuna masa jakin gidan. Gwadon na ƙarƙashin akumari, zufa da ƙasa sun cinye adon, ba ka gane fari bare baƙi. Ya durƙusa yana kankarewa da farce, zaren na zubewa a hannunsa.

Darasi: Wanda ya raina hannun da ya koya masa, ran da ya dawo nema ba lalle ya tarar ba. In tsohuwarka na raye, je ka zauna kusa da ita yau. Ku tura wa wasu su ma su karanta.